Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ƙauye Zai Riƙe Lissafin Tsuntsaye da Namun Dajinsa

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga masu son rubuta halittun da ke kewaye da ƙauyukansu. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Wani malamin firamare daga ƙasar Bade, jihar Yobe: Dattawanmu kullum suna cewa a da gauraka da dinya sun fi haka yawa a fadamarmu. Ina so ni da 'yan aji shida mu fara rubuta abin da muke gani, amma ba mu da kayan aiki. Ta ina za mu fara?

Malam, kayan aikin da ba makawa sai da su guda uku ne: littafi mai bango mai tauri, fensir, da agogo ko waya. Mun ce fensir ne domin tawadar biro takan baje idan raɓa ko ruwan sama ya taɓa takarda. Madubin hangen nesa yana taimakawa, irin mai lamba 8x42 ya fi dacewa da wannan aiki, amma rashinsa ba zai hana ku farawa ba.

Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne hanya. Ku zaɓi hanya ɗaya mai tsawon kamar kilomita biyu, wadda ake iya bi rani da damina, ta ratsa gona da bakin fadama da ɗan kurmi idan akwai. Ku zana ta a shafin farko da alamomin da ba sa gusawa: rijiya, tsohuwar kuka, kwalbati, kan maƙabarta. Wannan hanyar za ku riƙa bi sau biyu a wata, daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe, da tafiya irin ta mai zuwa kasuwa ba ya sauri. Da rana ta take tsuntsaye kan shige inuwa su yi shiru, wanda ya fita ƙarfe goma sha ɗaya zai dawo ya ce fadama ta mutu alhali shi ne ya makara.

A saman kowane shafi a rubuta kwanan wata, lokacin fita da na dawowa, mutum nawa suka fita, da yanayin gari: hazo, iska, hadari, ko garau. A sa inda ruwa ya tsaya a ranar, misali “ya kai gindin giginya ta biyu”. Kwanan wata a yi shi da lissafin watannin Bature, domin tsuntsaye damina da hunturu suke bi, watan Musulunci kuwa yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Wanda yake so ya ƙara na Hijira a gefe. Ƙasa da wannan sai layuka: sunan tsuntsu, adadi, inda aka gan shi, abin da yake yi.

Ga inda kusan kowa ke yin kuskure. Ranar da kuka fita ba ku ga gauraka ba, ku rubuta “gauraka: 0”. Mutane sukan ɗauka rashin gani ba labari ba ne, sai su bar gurbin haka nan. Bayan shekara biyar mai karanta littafin ba zai iya bambance ranar da aka duba ba a gani ba da ranar da ba a duba ba, alhali tambayar da dattawanku suka tayar sifilin ne kaɗai zai amsa ta. Don haka ku ware tsuntsaye goma zuwa goma sha biyar da kowane yaro ya sani ba gardama, kamar gauraka, dinya, kirinjijiya, balbela, shamuwa, ungulu, hankaka, shirwa, zabon daji da burtu, ku jera su a kowane shafi tun kafin a fita, kowanne sai an sa masa lamba ko da sifili ce.

Kuskure na biyu shi ne ɗoki. Watan farko yara talatin za su fito, a wata na huɗu saura uku. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ido sittin ya fi ido shida gani, saboda haka littafin zai nuna kamar tsuntsaye sun ragu, nan kuwa masu dubawa ne suka ragu. Tun farko ku tsayar da mutum huɗu a kowace fita, a riƙa karɓa-karɓa. Kada kuma ku sauya hanya don an ce akwai tsuntsaye da yawa a wani tafki. Idan kuna son can, ku buɗe masa nasa littafin.

Maganar dattawa kuwa ku rubuta ta, tana da daraja, amma a ƙarshen littafi daban da ƙidaya. Ku riƙa ɗaura ta da abin da aka san shekararsa: kafin farin 1973 ko bayansa, kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, kafin na Challawa a 1992. Waɗannan madatsun ruwa biyu sun canza yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, don haka tambayar “kafin dam ko bayan dam” za ta fi “shekara nawa ke nan” ba ku amsa mai kama hankali.

Wani ɗalibi daga Haɗeja: Mun fara rubutu amma muna yawan musu kan suna. Abin da nake kira fakara abokina makwarwa yake ce masa, kuma duk mai dogon wuya a bakin ruwa zalɓe muke cewa.

Ɗan'uwa, musunku iri biyu ne. Na fakara da makwarwa mai sauƙi ne, tsuntsu ɗaya ne da suna biyu, ku zaɓi ɗaya ku rubuta ɗayan a gefensa sau ɗaya a shafin farko. Na zalɓe shi ne mai wuya, domin suna ɗaya ne ya rufe tsuntsaye da yawa: akwai mai ruwan toka, akwai mai baƙin kai da ke yawo a gonaki nesa da ruwa, akwai mai ja-ja da ke ɓuya cikin ciyawa. Haka kurciya, haka shaho.

Ku buɗe shafin sunaye. Kowane tsuntsu a ba shi sunan gari, a ƙara masa siffa, “zalɓe mai baƙin kai”, sannan a bayyana shi da abu huɗu: girmansa idan an gwada da wanda aka sani (bai kai kurciya ba, ya kai hankaka, ya fi zabo), siffar baki, launin ƙafa, da inda yake tsayawa. Launin jiki shi ne ya fi yaudara, don hazo da hasken safiya suna canza shi, kuma ɗan tsuntsu sau da yawa ba ya kama da uwarsa. Idan masunta ko makiyaya suna da nasu sunan da Badanci ko Barbarci ko Fulatanci, ku sa shi. Sau da yawa masunci ya raba abin da ɗan birni ya haɗe.

In da waya, ku ɗauki hoto ku ɗora a manhajar iNaturalist, inda masana daga ko'ina suke duba hoto su tabbatar da suna. Sunan da manhajar ta fara kawowa da kanta hasashe ne, kada ku kwafe shi sai mutane sun tabbatar. Wanda kuka kasa ganewa ku rubuta shi yadda yake: “ƙaramin shaho, ba a gane ba, 1”. Wannan ya fi sunan ƙarya sau dubu, domin suna ɗaya na ƙarya yana sa a yi shakkar littafin gaba ɗaya.

Wani masunci daga Nguru: Da sanyi agwagin ruwa kan rufe tafki. Ta yaya mutum zai ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Malam, ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga garke ba. Ka ƙirga goma daga gefe ɗaya da kyau, ka riƙe faɗin wurin da goman nan suka ci a idonka, sai ka riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Idan garken ya kai dubbai, ka haɗa goma sau biyar su zama hamsin, ko goma sau goma su zama ɗari, ka auna da wannan. Mutum biyu su yi kowa nasa ba tare da sun ji na juna ba. In ɗaya ya ce 800 ɗaya ya ce 900, a rubuta duka biyun. In ɗaya ya ce 500 ɗaya ya ce 1,500, a sake.

Ido yana buƙatar horo, kuma a gida ake yi. Ka watsa wake cikin tafin hannu biyu a kan tabarma, ka kalla na daƙiƙa biyar, ka faɗi adadi, sannan ka ƙirga. Yawancin mutane suna rage wa babban garke, domin na tsakiya suna ɓoye a bayan na gaba. Bayan mako biyu kana wannan za ka san ko kai mai ragewa ne ko mai ƙarawa.

A bakin tafki ka sa rana a bayanka, ka tsaya a tudu, kada ka matsa har su tashi. Garken da ya tashi ya sauka a gaba, kai kuma ka bi shi da kwalekwale, sau biyu za ka ƙirga shi. Idan ƙauyuka uku suna kewaye da tafki ɗaya, su yi ƙidaya rana ɗaya, sa'a ɗaya, kowa da iyakarsa, in ba haka ba agwagwa ɗaya za ta shiga littafi uku. Balbela ta fi sauƙi: a je bishiyar da suke kwana sa'a ɗaya kafin faɗuwar rana, ɗaya yana kiran adadin kowane rukuni da ya sauka, ɗaya yana rubutawa.

A littafi ka raba 'yan gida da baƙi. Kirinjijiya da dinya da kwarwa na Afirka ne. Ƙananan agwagin da ke cika tafki daga wajen Oktoba zuwa Maris daga Turai da Rasha suke zuwa, su tsallako Sahara. Saboda su ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu kowace shekara, wadda aka fara tun 1967, kuma fadamun Haɗeja da Nguru, har da Dagona da Baturiya, suna cikin wuraren da ake ƙirgawa. Ka daidaita babbar ƙidayarka da wannan lokaci. Idan kuma tsuntsu mai zoben ƙarfe a ƙafa ya faɗa a komarka, ka kwafe duk rubutun da ke jikin zoben, harafi da lamba, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta rana da wuri. Da wannan rubutun ake gano ƙasar da aka sa masa zoben da shekarar.

Abu ɗaya da masunta suka fi kowa sani: kachalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe ruwa. Ka kafa turke a wurare uku, ka riƙa ɗaukar hoto daga kan kowane turke kana fuskantar waje ɗaya, sau huɗu a shekara. Yadda ciyawar ke cinye buɗaɗɗen ruwa zai fito a hotunan ƙarara, kuma shi zai bayyana maka dalilin da agwagi suka ragu a wani lungu yayin da jan-baki, masu kwana cikin kachalla su wayi gari a gonar shinkafa, suka ƙaru.

Wani manomi daga ƙasar Ningi, jihar Bauchi: Namun dajinmu da dare suke fita. Ta yaya za a rubuta abin da ba a gani?

Da sawu, Malam. Ka zaɓi wurare goma a kan turbar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, tsakanin kowanne da na gaba taku ɗari biyu. A kowane wuri ka share fage mai tsawon taku uku da faɗin turbar, ka barbaɗa lallausan yashi, ka lallashe shi da tsintsiya bayan shanu sun koma gida da magariba. Ka dawo bayan sallar asuba kafin a saki dabbobi. Dare uku a jere, sau ɗaya a wata.

Kare da dila yatsu huɗu ne da alamar farce a gaba, kuma rabe su yana da wuya, don haka kusa da gari kada ka yi saurin cewa dila. Kyanwar daji sawunta a kewaye yake, babu farce. Kura sawunta babba ne, na ƙafar gaba ya fi na baya girma a fili. Zomo yana barin dogaye biyu a gaba da ƙanana biyu a baya. Damo da guza suna jan wutsiya a tsakanin sawu. Gada kofato biyu ne masu tsini, kusan irin na ɗan akuya, shi ya sa ake share fagen bayan awaki sun shige. Duk sawun da za ka ɗauka hoto ka ajiye kwalin ashana a gefensa, don hoto ba ya nuna girma. Ka nemi tsohon maharbi ya raka ka watannin farko, a wannan fanni babu littafin da ya kai shi.

Ka lura, wannan hanya ba ta gaya maka dila nawa ne a dajin, don dila ɗaya na iya taka fage biyar. Abin da za ka rubuta shi ne fage nawa cikin goma aka taka. Idan bana bakwai ne, shekara uku masu zuwa ya koma biyu, ka sami labari.

In kun sami kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya mai ɗaukar hoto da kanta, a ɗaure ta daidai gwiwa, ta fuskanci arewa ko kudu, domin in ta kalli gabas ko yamma rana za ta wanke hoton. A sare ciyawar da ke gabanta taku huɗu, in ba haka ba iska za ta cika katin da hoton ganye kafin kwana biyu. A saita kwanan wata duk lokacin da aka canza batir. Zafin jikin dabba take ji, saboda haka a tsakiyar bazara, lokacin da iska ta kusa zafin jiki, takan bar dabba ta wuce da rana ba ta ɗauka ba. A cire ta kafin a fara ƙunar daji. A sanar da mai unguwa da ardon makiyaya inda take, kuma kada a kafa ta a hanyar da mata ke bi zuwa rafi.

Wata malamar asibiti daga yankin Matamaye, jihar Damagaram: Mu mata ba ma shiga daji. Akwai abin da za mu iya rubutawa daga cikin gari? Shamuwa na sheƙa a tsamiyar gidanmu.

'Yar'uwa, aikin da ya fi kowanne sauƙin ɗorewa yana tsakar gidanku. Shamuwa tana yin rani a kudancin Afirka, ta dawo ƙasashenmu gab da damina ta yi sheƙa a cikin gari. Ki rubuta ranar da aka fara ganinta kowace shekara, da ranar ruwan shuka na farko. Sannan ku raba unguwanni, ku ba kowace bishiya mai sheƙa lamba da sunan gidan da take. A zagaya sau uku: farkon damina a ƙirga sheƙar da uwa ke kwance a ciki, tsakiya a ga wadda aka ƙyanƙyashe, sannan lokacin da 'ya'yan suka girma suna tsayawa a bakin sheƙa a ƙirga su. Tsohuwar sheƙar da ba kowa a ciki a rubuta ta daban. Daga ƙasa ake dubawa, kada a sa yaro ya hau. Idan an sare bishiya, a rubuta shekarar da dalilin.

Na biyu ungulu. Ki sa wani ya tsaya a kwata ranar kasuwa, rabin sa'a a lokacin fiɗa, ya rubuta adadi mafi yawa da ya gani a lokaci ɗaya. A garuruwa da yawa amsar yanzu sifili ce, kuma a rubuta ta. Tun 2015 ungulun nan ta cikin gari tana jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma farautarta da ake yi ana sayar da kai da ƙwai ga masu tsibbu. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, shi ya sa ba ta farfaɗowa da wuri. Saboda haka idan kun san bishiyar da take sheƙa, wannan ya tsaya a littafi, kada a sa shi a Facebook ko a zauren WhatsApp.

Wani matashi daga Gashuwa: Idan mun cika littafi wa za mu kai wa? Kuma ana biya?

Ba a biya, gara ka ji tun yanzu. Wanda ya shiga don alawus zai bari a wata na uku.

Wurin kaiwa akwai. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma 'yan sa kai ne ke tara bayanan. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a kowane gefe. Ƙa'idarsu ita ce ka yi aƙalla sa'a biyu kana dubawa a cikin gida ɗaya, ka leƙa kowane irin wuri da ke cikinsa, ka rubuta tsuntsaye bi da bi yadda ka gan su, kuma jeri ɗaya ba ya wuce kwana biyar. Da manhajar BirdLasser ake yi, tana aiki ko babu sabis, sai ka tura idan ka shigo gari. Ka lura wannan jerin iri ne, ba adadi ba, don haka ƙari ne a kan littafinku, ba madadinsa ba.

Littafin kansa kada ya bar ƙauye. Baƙo mai bincike ya ɗauki hoton shafuka, asalin ya zauna a makaranta ko wurin mai gari, cikin akwatin ƙarfe saboda gara. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton sababbin shafuka a ajiye a waya biyu. Sau ɗaya a shekara a karanta taƙaitaccen sakamako a ƙofar fada, domin ranar da za a yi gardamar sare kurmi ko neman a buɗe hanyar ruwa, mutanen gari su ne za su fara buƙatarsa.

In kana son ganin inda irin wannan naci ya kai, dubi raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai. A 1996 saura 49. Ana ƙirga su ne ta hanyar ɗaukar hoton kowanne dama da hagu, domin zanen jikin kowane ɗaya daban yake, kuma 'yan rakiya daga ƙauyukan yankin suna cikin masu aikin. Da suka haura 600, a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Wani mai karatu daga Zamfara: Yankinmu ba lafiya. Mu haƙura ke nan?

Ku haƙura da daji, Malam, rai ya fi littafi. Mutum da madubin hangen nesa da littafi a bakin daji yana iya jawo zargi daga kowane ɓangare. Ku tsaya ga na cikin gari: shamuwa, ungulu, balbela, jemagun bishiyar fada, da ranar da ɗorawa da kuka suka fara fure. Ko a inda ake zaman lafiya, mai gari da 'yan sintiri su san ranar fitarku, kuma kada a ɗaga waya ko madubi kusa da shingen jami'an tsaro. Watan da ba a fita ba a rubuta “ba a fita ba” da dalili, kada a sa sifili.

Wannan kuma ga kowa da kowa: idan kuka tarar da tsuntsaye da yawa a mace wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a kai gida, kada a bar yara ko karnuka su kusanta. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna. A ƙirga daga nesa, a ɗauki hoto, a rubuta iri da wuri da lokaci, a kai wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.